Hunturu a Jos: Abin da ya sa sanyin tsauni ba ya nufin tsabtar iska

Birnin Jos, fadar gwamnatin Jihar Filato, ya yi suna a faɗin Najeriya saboda sanyinsa. Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, yayin da duwatsun Shere da ke gabashinsa suka haura mita 1,800. Sai dai sanyi daban, tsabtar iska daban. Iskar da mazauna Jos ke shaƙa a watan Agusta ba irinta suke shaƙa a Janairu ba.

Daga ina sanyin yake?

A ƙa'ida, duk mita 1,000 da aka hau sama, zafin iska kan ragu da kusan digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas. Shi ya sa Jos ta fi Bauchi da Lafiya sanyi, kuma dankalin Turawa ke yin albarka a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi.

Da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, iska mai ɗauke da danshi kan taso daga Tekun Atilantika. Idan ta hau tudun Filato sai ta yi sanyi, hadari ya haɗu, a yi ruwa mai yawa, wani lokaci har da ƙanƙara. Ruwan yana wanke ƙura da hayaƙi daga sararin sama, saboda haka iskar garin ta fi tsabta a waɗannan watanni.

Yadda hunturu ke sauya lamarin

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu sai iska ta juya, ta riƙa busowa daga arewa maso gabas, a bushe, cike da ƙura. Babban tushen ƙurar shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe. Iska kan matse tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta ƙara ƙarfi, ta kwashi lallausar ƙasar kwarin ta yi yamma da ita. Wannan ce ke zama hazon da ke rufe duwatsun Jos, ya tilasta wa direbobi kunna fitila da rana, wani lokaci kuma ya jinkirta saukar jirage a filin Yakubu Gowon da ke Heipang.

Amma ba duk laifin na hamada ba ne. A daren hunturu babu gajimare, don haka ƙasa kan saki zafinta da sauri. Iskar da ke dab da ƙasa sai ta yi sanyi da nauyi, wadda ta fi ta ɗumi kuma ta zauna a kanta kamar murfin tukunya. Hayaƙin itace da gawayi, da na janareta da ababen hawa, da na ƙona bola da daji, duk sai ya rasa hanyar tashi sama. Daidai lokacin da jama'a suka fi hura wuta don jin ɗumi, a lokacin ne iska ta fi riƙe hayaƙin. Murfin ba ya yayewa sai hantsi ya dubi ludayi.

Illa ga lafiya

Abin da ya fi damun likitoci shi ne ƙananan ƙwayoyin ƙura da hayaƙi da ake kira PM2.5, waɗanda silin gashi ya ninka su kauri kusan sau 30. Suna wuce hanci da maƙogwaro su shiga can cikin huhu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaurara ƙa'idarta a kansu, bayan shaidu sun nuna cewa ko kaɗan ɗinsu yana cutarwa. Yara da tsofaffi da masu juna biyu da masu asma ko ciwon zuciya su ne suka fi shiga haɗari. Busasshiyar iska mai ƙura kuma tana raunana fatar cikin hanci, abin da ke sauƙaƙa kamuwa da sanƙarau.

Haɗari mafi gaggawa yana cikin ɗaki. Kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe ruf yana fitar da guba marar launi, marar wari, wadda kan kashe mutum yana barci.

Abin yi

A riƙa bibiyar sanarwar hazo daga Hukumar Hasashen Yanayi ta Najeriya, NiMet. A ranakun da hazo ya yi kauri a sa takunkumi, a yawaita shan ruwa, masu asma kuma kada su rabu da maganinsu. Masu motsa jiki su jira rana ta ɗaga. A fitar da kaskon wuta kafin a kwanta, a ajiye janareta nesa da taga, a kuma daina ƙona bola da almuru.

Ƙurar Bodele ba ta da makawa, amma hayaƙin da ake tarawa a cikin gari yana hannun mazaunansa.