Shin Ko Kun San Ma'aikatan Gonar da Ba Sa Karɓar Lada?

Shin ko kun san ɗan ƙwaron nan ja mai ɗige-ɗigen baƙi da ke yawo a ganyen wake da gyaɗa, daga Bichi har Dambatta, ba ɓarna ta kawo shi ba? Darɓa yake ci, shi da 'ya'yansa, guda ɗaya kan lashe gommai a yini. Darɓar nan kuwa ba ƙaramar abokiyar gaba ba ce: ita ta yaɗa kuturtar gyaɗa a 1975, annobar da ta durƙusar da noman gyaɗa a Arewa.

Shin ko kun san murzuna, tsutsar da ke zagaye zangarniyar gero tana barin sawu kamar an naɗa zare, tana da makashinta? Wata 'yar rina ce da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Sai ta harbi tsutsar jikinta ya shanye, ta zuba ƙwai a kanta, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye ta. Tun 2006 masanan cibiyar INRAN a Maraɗi ke kiwonta suna kai wa ƙauyuka. Dabarar tana burge ni ƙwarai: ɗan ƙaramin buhun algarara, a zuba gero, a sa tsutsotsin da za ta haihu a kansu da mata biyu da suka yi barbara, a rataye a reshe ko a jikin rumbu. Sababbin rina na fita ta saƙar buhun su bazu gonaki.

Shamuwa da balbela fa? Fara suke tsincewa.

Rogon Afirka ma wata 'yar rina ce ta cece shi daga farin ƙwaro mai tsotse ruwansa. Daga Kudancin Amurka aka ɗauko ta, cibiyar IITA ta sake ta a Ibadan a 1981.

Abin da ke ci mini rai shi ne feshin kan mai uwa da wabi. Shin ko kun san darɓa kan riga mai cin ta farfaɗowa bayan feshi? Macen darɓa haihuwa take yi ba tare da namiji ba, cikin mako guda 'yarta ta fara tata haihuwar, alhali ɗan jan ƙwaron sai ya yi kusan mako uku daga ƙwai kafin ya girma.