Baƙuwar Fuska a Madubi: Fargabar da ke Biyo Bayan Tiyatar Muƙamuƙi

Kumburin da ke biyo bayan tiyatar gyaran muƙamuƙi yakan kai maƙura a kwana na biyu zuwa na uku, kuma a daidai wannan lokaci ne majinyaci ke samun ƙarfin lallaɓawa banɗaki ya leƙa madubi. Abin da zai tarar bai yi kama da mutumin da aka shiga da shi ɗakin tiyata ba, bai kuma yi kama da hoton da likita ya nuna masa a kwamfuta ba. Kumatu sun cika taf, leɓuna sun kumbura sun tsattsage, hanci ya baje, miyau na dalala bai sani ba saboda leɓen ƙasa ya sage. A nan ne mutane da yawa, har waɗanda suka shekara biyu suna ɗokin ranar, ke fara tambayar kansu abin da ya kai su.

Tiyatar ba ta kwalliya ba ce a asalinta. Ana yin ta ne ga wanda muƙamuƙinsa na sama da na ƙasa ba su yi girma daidai da juna ba: na ƙasa ya zarce gaba, ko ya noƙe baya har haɓa ta kusa ɓacewa, ko fuska ta karkace gefe guda, ko haƙoran gaba ba sa haɗuwa ko da an rufe baki. Mai irin wannan yakan sha wahalar tauna da furta wasu haruffa, wani kuma numfashinsa ya riƙa ɗaukewa cikin barci. Wayar haƙori tana iya jera haƙora, amma ba ta iya matsar da ƙashin da suka tsira a kai. Don haka sai an jira ƙashi ya gama girma, a samari yawanci sai sun kai shekara 18 ko sun haura, sannan a yanka shi, a matsar, a ɗaure da 'yan faifai da kusoshin ƙarfen titaniyam.

Aikin ya daɗe. A 1849 wani likita mai suna Simon Hullihen, a garin Wheeling na Amurka, ya ba da rahoton yadda ya yanka muƙamuƙin wata budurwa wadda tabon ƙunar da ta yi tun tana ƙarama ya janye mata ƙashi ƙasa. A 1901 René Le Fort, likitan fiɗa daga Lille ta Faransa, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kawunan gawarwaki, yana bugun su don ya ga inda ƙashin fuska ke karyewa. Ya gano layuka uku masu rauni. Na ƙasansu, wanda ya ratsa tsakanin saiwar haƙoran sama da gindin hanci, shi likitoci ke bi a yau idan za su matsar da muƙamuƙin sama, kuma har yanzu da sunansa ake kiran aikin. Muƙamuƙin ƙasa kuwa, Hugo Obwegeser ɗan Ostiriya da malaminsa Richard Trauner ne suka fito da dabarar tsaga shi a tsaye ta cikin baki a shekarun 1950. Shi ya sa yawancin waɗanda aka yi wa aikin ba su da tabo a waje. Wannan rashin tabo alheri ne, amma yana da nasa sharrin: mutane na ganin fuska ta canza, ba su ga alamar wuƙa ba, sai su rasa yadda za su fassara abin.

Abin mamaki shi ne ƙanƙantar tazarar. Sau da yawa milimita biyar ne, ko bakwai, ko goma. Amma fuska wuri ne da milimita ke da daraja, kuma tsoka da fata ba sa bin ƙashi da ma'auni ɗaya. Idan aka turo muƙamuƙin ƙasa gaba, naman haɓa yakan bi shi kusan daidai wa daida. Leɓen sama ba haka yake ba, yakan bi da ƙasa da abin da ƙashi ya matsa, gwargwadon kaurinsa. Hanci kuwa shi ne ya fi ba mutane haushi, domin ba don shi suka zo ba. Idan aka taɓa muƙamuƙin sama, gindin hanci kan ƙara faɗi, tsininsa ya ɗan ɗaga. Likitoci sun san da haka, har akwai ɗinki na musamman da ake yi ta ciki don a tsuke fukafukan hancin, amma ba kullum yake hana faɗin gaba ɗaya ba. Hoton hasashen da kwamfuta ke zanawa ya fi gwanancewa a kan ƙashi, musamman idan an dubi mutum ta gefe. A kan leɓe da hanci, da kuma fuskar da ake kallo ta gaba, wato wadda mai ita ke gani kullum, hasashen ya fi yawan kuskure.

Sai batun lokaci. Mafi yawan kumburin kan saɓe cikin mako biyu zuwa uku, ƙashi ya kama cikin kimanin mako shida, amma ragowar kumburin da ke gefen hanci da leɓen sama na iya kai wata shida, wani ma shekara. Ba ya kuma sauka daidai a ɓangarorin biyu, don haka akwai makonnin da fuska za ta yi kamar ta karkace alhali ƙashi na zaune daram. Jijiyar da ke kai saƙon taɓi zuwa leɓen ƙasa da haɓa ta cikin ƙashin muƙamuƙi take bi, dole ta wahala yayin tsagawa. Sagewar kan ɗauki watanni kafin ta sake, a wasu mutane kuma wani ɓangare ba ya dawowa har abada. Wanda ba ya jin leɓensa murmushinsa kan fito a sandare, ya taɓa haɓarsa ya ji kamar ta wani ce. Ga shi makonni yana rayuwa a kan abin sha da abinci mai ruwa-ruwa, ya rame, barci a zaune, hanci a toshe, magana da ƙyar. Magungunan rage kumburi da na kashe zafi su ma suna taɓa yanayin zuciya. Mutumin da ke cikin wannan hali ba alƙalin da za a amince wa hukuncinsa ba ne, ko da a kan fuskarsa.

Amma ko bayan kumburi ya tafi, kuma aiki ya yi kyau a idon kowa, akwai waɗanda ke tsayawa gaban madubi su ji wani abu bai zauna ba. Dalilin yana cikin ƙwaƙwalwa. Ɗan Adam ba ya gane fuska ta hanyar duba ido daban, hanci daban, baki daban. Gaba ɗaya yake ɗaukar ta, da tazarar da ke tsakanin sassanta. Idan haɓa ta matsa, sai a ga kamar idanu ma sun canza, alhali ba wanda ya taɓa su. Sannan zuciya na son abin da ta saba gani. Masanin halayyar ɗan Adam Robert Zajonc ya nuna haka a 1968: yawan ganin abu kawai ya isa ya sa a ƙara son sa. A 1977 wasu masu bincike a Amurka suka gwada wannan a kan fuska. Suka nuna wa mata hotunansu iri biyu, ɗaya kamar yadda kyamara ta ɗauka, ɗaya a juye kamar yadda madubi ke nunawa. Masu hotunan suka fi karkata ga na madubi, abokansu suka fi karkata ga na kyamara. Kowa ya zaɓi wanda idonsa ya saba da shi. To, idan juya hagu zuwa dama kawai na iya sa mutum ya ƙi hotonsa, ina ga wanda ya shekara ashirin da wata haɓa, ya farka da wata? Tsohuwar fuskar, ko da ita ce aka riƙa tsokanarsa da ita a makaranta, tasa ce. Sabuwar, ko ta fi kyau, baƙuwa ce tukuna.

Wayar hannu ta ƙara dagula lissafin. Majinyaci na zaune a gida ba aiki, sai ya riƙa ɗaukar kansa hoto safe da yamma yana gwadawa da na jiya. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya lissafa cewa hoton da aka ɗauka daga tazarar kimanin santimita 30 yana nuna hanci ya fi ainihinsa faɗi da kusan kashi 30 cikin ɗari. Wanda dama hancinsa ke kumbure, kuma hancin ne abin fargabarsa, ya samu na'urar da za ta tabbatar masa da tsoronsa sau hamsin a yini.

Akwai kuma jama'a. Fuska ba ta mai ita kaɗai ba ce, dangi ma suna da rabo a ciki. A kanta ake cewa wance da gwaggonta kamar an tsaga kara, a kanta kaka ke gane jininta. Uwa na iya duban ɗanta bayan aiki ta ce, "Ni dai na fi son yadda kake da," ba da mugunta ba, ita ma idonta bai saba ba ne. Kalmar kan sauka a zuciyar da dama take rawa. Wani kuma yabo ne ke ƙona shi: idan kowa na cewa yanzu ka yi kyau, me suke gani a da suka yi shiru? Wanda ya fi su duka ciwo shi ne tsohon abokin da ya wuce ka a hanya bai gane ka ba.

Masu bincike sun bi diddigin wannan damuwa. A shekarun 1980 Asuman Kiyak da abokan aikinta a Jami'ar Washington da ke Seattle sun bibiyi waɗanda aka yi wa tiyatar har tsawon shekara biyu. Suka ga cewa yadda mutum ke kimanta kansa ya yi ƙasa a wajen wata na tara, sannan ya farfaɗo kafin wata na 24. Wata na tara abin lura ne, domin a lokacin masu zuwa dubiya sun daina zuwa, kumburin da ake ɗora wa laifi ya kusa ƙarewa, wayar haƙori na iya kasancewa tana nan, kuma rayuwa ba ta sauya yadda aka yi mafarki ba. Bincike iri-iri tun daga lokacin sun nuna cewa mafi rinjayen majinyata kan gamsu a ƙarshe. Waɗanda suka fi shan wahala su ne waɗanda abin ya zo musu ba zato, ba a faɗa musu girman kumburi ko batun hanci ko sagewar leɓe ba, da waɗanda suka ɗora wa tiyatar nauyin da ba nata ba, kamar samun miji ko aiki ko gyaran aure. A ganina nan ne asibitoci da yawa ke gazawa. Ana shafe wata 12 zuwa 18 ana shirya haƙora, shirin da kan sa kamannin mutum su ƙara muni kafin aiki, domin ana mayar da kowane haƙori kan ƙashinsa ne, sai girman matsalar ya fito fili. Ana auna ƙashi har zuwa rabin milimita. Amma zancen yadda mutum zai ji ranar da bai gane kansa ba, sau da yawa minti biyar ake ba shi, a tsaye, ana miƙa takardar sa hannu.

Ga mai karatu Musulmi akwai wata fargabar da kan ɓuya ƙarƙashin ta madubi, wato tsoron ko ya canza halittar Allah. Malamai sun daɗe da bambance gyaran aibi ko cuta da sauya halitta don neman ƙarin ado, kuma sukan kafa hujja da labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Wanda ba ya iya tauna ko numfashi yadda ya kamata yana ɓangaren magani. Mai shakka gara ya yi tambayarsa kafin aiki, domin bayan aiki shakkar kan haɗu da kumburi su zama abu ɗaya.

Ba duk damuwa ce lokaci ke warkarwa ba. Akwai lalurar da likitan Italiya Enrico Morselli ya bayyana a 1891, inda mutum ke shagala da wani aibi a jikinsa wanda wasu ba sa gani, ko suke ganin bai taka kara ya karya ba. Ana ƙiyasta tana shafar kimanin mutum biyu cikin ɗari, kuma ta fi haka yawa a cikin masu neman a gyara musu fuska. Mai ita kan shafe sa'o'i a gaban madubi ko ya guje shi sam, ya daina shiga mutane, ya yi ta tambayar na kusa da shi ba ya gamsuwa da amsa. Wuƙa ba ta cika yi masa magani ba, damuwar kan tashi daga haɓa ta koma hanci. Abin da ke taimaka masa shi ne zama da masanin halayya, wani lokaci da magani. Don haka ne wasu cibiyoyin tiyatar muƙamuƙi, musamman a Birtaniya, ke sa masanin halayya ko likitan ƙwaƙwalwa cikin tawagar tun kafin a shiga aiki. Haka nan wanda ƙuncinsa ya wuce makonni yana ƙaruwa, ya hana shi barci da ci, ko ya fara tunanin cutar da kansa, kada ya tsaya jiran kumburi ya sauka, ya nemi likita nan take.

Wani lokaci kuma majinyacin ne ke da gaskiya. Ƙashi na iya zamewa, cizo ya ƙi haɗuwa, haɓa ta kauce daga tsakiya, hanci ya karkace. Cizon da ya sauya kwatsam, ko kumburin da ya dawo da zafi da zazzaɓi bayan ya fara sauka, ko ruwa mai wari a baki, waɗannan na komawa asibiti ne a ranar, kuma idan ƙashi ne ya goce akan gyara shi da wuri kafin ya kama. Abin da ya shafi kamanni kaɗai kuwa, kamar faɗin hanci ko tsawon haɓa, yawancin likitoci ba sa yarda su sake taɓawa sai an yi wata shida zuwa shekara, a sake ɗaukar hoton ƙashi, a ɗauki na fuska daga nesa da kyamarar asibiti, a ajiye su gefen waɗanda aka ɗauka kafin aiki, sannan a zauna a yi magana.