Heathcliff a gaban kotun aji: Yadda aikin rukuni ke buɗe wa ɗalibai littattafan gotik

Shekara goma a jere, adabin gotik bai bar manhajar adabin Ingilishi ta WAEC ba. Daga 2016 zuwa 2020 akwai The Castle of Otranto na Horace Walpole, wanda ya fito a 1764 kuma ake ɗauka a matsayin mafarin wannan salo. Daga 2021 zuwa 2025 sai Wuthering Heights na Emily Brontë, na shekarar 1847, ya maye gurbinsa. Salo ne na tsofaffin gidaje masu duhu, da fatalwa, da asirin zuri'a, da mutanen da zuciya ta fi ƙarfinsu.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne tambayar halin taurarin labari. Da yawa sukan haddace abin da ƙananan littattafan taƙaitawa suka tsara musu: Heathcliff mugu ne, mai ramuwar gayya. Mai duba takarda kuwa hujja yake nema daga cikin labarin, kuma wanda bai taɓa yin gardama a kan littafi ba da wuya ya kawo ta. Nan ne aikin rukuni yake da rana.

Matakin farko shi ne zana salsalar iyalan biyu, Earnshaw da Linton, a babban kwali. Aikin kamar wasa, amma shi ke warware ruɗanin sunaye: Catherine biyu ce, uwa da 'ya; Linton sunan gida ne, kuma sunan ɗan Heathcliff ne; shi kuwa Heathcliff suna ɗaya tak gare shi, ba a san uban da za a jingina shi gare shi ba. Masu zanen sukan lura da kansu cewa abin da Hindley ya yi wa Heathcliff, shi Heathcliff ya rama a kan Hareton, ɗan Hindley, har yaron ya girma bai iya karanta sunansa da ke sassaƙe a saman ƙofar gidan kakanninsa ba.

Daga nan sai a kafa kotu. Ana raba ajin zuwa masu gabatar da ƙara, da masu kare wanda ake tuhuma, da shaidu, da alƙalai. Doka ɗaya ce: duk wanda ya buɗe baki sai ya faɗi babin da ya samo maganarsa. Masu ƙara ba su rasa abin faɗa. Heathcliff ya auri Isabella don ya ƙuntata wa yayanta Edgar, ya rataye karenta, ya mallake gidan Hindley ta hanyar bashin caca, ya kulle ƙaramar Catherine har sai da ta auri ɗansa marar lafiya, alhali mahaifinta na kan gargarar mutuwa. Masu kariya su ma suna da nasu: yaro ne da tsoho Earnshaw ya tsinto a titunan Liverpool, wanda bayan rasuwar tsohon aka raba shi da karatu aka tura shi aikin gona, sannan ya ji da kunnensa Catherine tana cewa aurensa zai zubar mata da daraja. Ya fice kafin ya ji ƙarshen zancen, bai dawo ba sai bayan shekara uku.

Mafi daɗin zaman shi ne lokacin da aka kira Nelly Dean ta ba da shaida. Kusan duk abin da mai karatu ya sani ta bakin wannan mai aikin gida ya fito. Da an fara yi mata tambayoyi sai ta bayyana cewa ta ga fitar Heathcliff a daren nan, amma ba ta sanar da Catherine nan take ba. To, mai hannu a cikin lamari ce ke ba da labarinsa. Wanda ya rubuta abin da ta faɗa kuwa, wato Lockwood ɗan haya, mutum ne da ya taɓa ɗaukar tarin matattun zomaye a matsayin kyanwoyi. Ɗalibin da ya gano haka a gaban abokansa ba ya bukatar a sake yi masa bayanin mai ba da labari marar tabbas.

Dabarar tana karɓar sauran littattafan salon. Frankenstein na Mary Shelley, na 1818, muryoyi uku ne ke ɗauke da shi: Walton, da Victor, da halittar da ya ƙera, don haka rukuni uku sun samu. A Dracula na Bram Stoker, na 1897, wasiƙu da kundin ajiyar sirri na wasu ne ke ba da labari, shi mai sunan bai rubuta nasa ba, sai a ɗora wa ɗalibai su rubuta masa.

Ba a rasa cikas. A aji mai cunkoso, haziƙi ɗaya kan ɗauke aikin, saura su fake a bayansa. Kwafin littafin kan yi ƙaranci. Zangon karatu ba ya jira. Kuma a zauren jarrabawa kowa tasa ta fisshe shi. Maganin da ya fi sauƙi shi ne bayan shari'a kowane ɗalibi ya rubuta shafi guda da hannunsa, a kuma juya masa ɓangare: wanda ya kare Heathcliff ya tuhume shi, wanda ya tuhume shi ya kare shi.

Alƙalan su ne aikinsu ya fi nauyi, domin dole su yi hukunci a kan babukan ƙarshe. A can Heathcliff ya saki ramuwar gayya daidai lokacin da komai ke hannunsa, yana ganin idanun Catherine a fuskar 'yarta da ta Hareton. Ya daina cin abinci, ya kuma shaida wa Nelly cewa bai ga laifin da zai tuba a kai ba. Washegarin wani dare na ruwan sama ta tarar da gawarsa a tsohon gadon Catherine, taga a buɗe.