Raga Mai Motsi da Matsalar Rufewar Bawul a Kwaikwayon Gudanar Iska

Kwamfuta ba ta iya lissafa gudanar iska ko ruwa a dunƙule. Sai an yanka sararin da iskar ke ratsawa zuwa ƙananan gidaje masu ɗimbin yawa, haɗe da juna kamar idanun komar masunta, sannan a warware lissafin Navier-Stokes gida bayan gida. Wannan tsari shi ake kira raga. Muddin bangon da ya kewaye iskar bai motsa ba, ragar da aka saƙa sau ɗaya ta wadatar. Bawul ɗin injin mota kuwa ba ya zama wuri guda: a inji mai bugu huɗu da ke juyi 3,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 25 a daƙiƙa.

A shekarar 1974, Hirt da Amsden da Cook na cibiyar Los Alamos ta Amurka suka bayyana dabarar da ake taƙaitawa da ALE, wadda ta bai wa ragar damar motsawa da saurinta na kanta, ba lallai da saurin iskar ba. Idan bawul ya matsa kaɗan, sai a ja gidajen su miƙe kamar roba. Idan ya yi nisa, akan ƙara jerin gidaje ko a cire, ko kuma a sake saƙa yankin baki ɗaya, kodayake kwashe bayanai daga tsohuwar raga zuwa sabuwa ba ya rasa kuskure. Akwai kuma sharaɗin da Thomas da Lombard suka fayyace a 1979: wajibi ne sararin da fuskokin gida suka share yayin motsi ya yi daidai da canjin girman gidan. In ba haka ba, kwamfuta za ta ƙirƙiri iskar da babu ita.

Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin rufewa. Yayin da bawul ke kusantar mazauninsa, gidajen da ke tsakani suna matsewa har su baje, wasu ma su kife, girmansu ya koma ƙasa da sifili, lissafi ya tsaya cik. Saboda haka manazarta da yawa ba sa barin bawul ya rufe ruf. Sukan bar 'yar tazarar da ba ta kai milimita ɗaya ba, sannan su yanke alaƙar ɓangarorin biyu, su ɗauka an rufe. Dabara ce mai amfani, amma tana taɓa lokacin rufewar da yawan iskar da ta shiga silinda, don haka rahoton da bai ambaci girman tazarar ba yana da giɓi.

Charles Peskin ya bi wata hanyar a 1972, lokacin da yake nazarin bawul ɗin zuciyar ɗan Adam. Ya bar ragar a tsaye, ya shigar da bawul ɗin a matsayin ƙarfin da ke tura jini. Gidaje ba sa murɗewa, sai dai iyakar bawul ɗin takan bazu a kan gidaje da dama, alhali a daidai wannan iyakar ake buƙatar sanin gogayyar jini da fatar bawul.