FASHIN BAƘI: Yadda ƙungiyoyin NBA ke auna mai tsara wasa daga jami'a, da darasin Jalen Brunson

A watan Afrilun 2018, Jalen Brunson ya jagoranci Jami'ar Villanova ta lashe gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka, karo na biyu cikin shekaru uku. A kakar ce kuma aka ba shi kambun gwarzon ɗan wasan jami'o'i. Amma da aka zo zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar ƙwararru ta NBA a watan Yuni, sai da aka kira sunaye 32 kafin ƙungiyar Dallas Mavericks ta ɗauke shi.

Lambar tana da nauyi a aljihu. Zaɓen zagaye biyu ne, kowanne da gurbi 30. Wanda aka ɗauka a zagayen farko yana da tabbacin albashin aƙalla shekaru biyu, yayin da na zagaye na biyu sai abin da ciniki ya ba shi. Shin me masu farautar 'yan wasa suka gani, me kuma ya kuɓuce musu?

Wasa ɗaya, ƙa'idoji daban

Mai tsara wasa shi ne madugun 'yan wasa biyar da ke fili. Shi ke ɗauko ƙwallo daga baya, ya karanta tsaron abokan hamayya, ya yanke shawarar wanda za a miƙa wa. A jami'a yana da daƙiƙa 30 kafin ƙungiyarsa ta yi jifa, a NBA kuwa 24 ce. Wasan jami'a minti 40 ne, na NBA 48, kuma kakar ƙwararru wasa 82 ce, kimanin ninki biyu na ta jami'a. Layin jifan maki uku a zamanin Brunson yana nisan mita 6.32 daga kwando, na NBA kuma mita 7.24 daga tsakiya. Don haka ƙungiyoyi ke tambayar wace baiwa ce za ta jure wannan sauyi.

Ma'aunai huɗu

Na farko shi ne shekaru. Brunson yana da shekara 21 bayan kaka uku a jami'a. Trae Young da aka ɗauka na biyar, da Shai Gilgeous-Alexander da aka ɗauka na 11, kaka ɗaya kacal suka yi, kuma duka shekarunsu 19. Lissafin shi ne, yaron da ya yi fice a kan waɗanda suka girme shi yana da sauran girma a gaba, mai shekara 21 kuwa ya kusa kai iyakarsa.

Na biyu shi ne jiki. Tsayin Gilgeous-Alexander kusan mita biyu ne, Brunson kuwa bai kai mita 1.90 ba, kuma bai shahara da gudu ko tsalle ba. Gajeren ɗan wasa kan zama abin hari, domin abokan hamayya za su yi ta juya wasa har sai sun haɗa shi da dogon da ya fi ƙarfinsa. Markquis Nowell na Jami'ar Jihar Kansas ya kafa tarihi a Maris 2023, inda ya miƙa ƙwallo 19 da aka ci a wasa ɗaya na gasar jami'o'i. Tsayinsa kimanin mita 1.73 ne, kuma babu ƙungiyar da ta zaɓe shi.

Na uku shi ne iya jifa. Masu nazari kan dubi jifan tazara, wanda ake yi babu mai tsaro a gaba, domin shi ke nuna saitin hannu tsantsa.

Na huɗu shi ne hukunci a cikin matsi. Ginshiƙin harin NBA shi ne salon da dogon abokin wasa zai tare mai tsaro, sannan ya nufi kwando. A cikin ƙiftawar ido dole madugu ya zaɓa tsakanin jifa, kutsawa da miƙawa. Wannan ma'aunin ya fi sauran wuyar awo, kuma a nan ne Brunson ya yi zarra.

Inda lissafi ya kuskure

A wasannin share fagen ɗaukar kofi na 2022, lokacin da Luka Doncic ke jinya, Brunson ya ci maki 41 a kan Utah Jazz. A shekarar ya koma New York Knicks kan yarjejeniyar dala miliyan 104 ta shekaru huɗu. A 2024 ya shiga jerin taurarin gasar, a 2025 kuma ya kai Knicks wasan ƙarshe na shiyyar gabas, karon farko tun 2000. Makaminsa shi ne taku, da sauya gudu, da haƙurin jan mai tsaro zuwa inda yake so.

Gabe Vincent, wanda ya buga wa D'Tigers ta Najeriya, ko zaɓensa ba a yi ba a 2018. Ya bi ta ƙaramar gasar G League, kuma a 2023 shi ne madugun da Miami Heat ta fara da shi a wasan ƙarshe na NBA.

Duk da haka, ma'aunan ba banza ba ne. Gilgeous-Alexander ya zama gwarzon NBA a 2025, kuma ya ɗauki kofi da Oklahoma City Thunder. Kuskuren yana cikin fifita abin da tef ɗin awo zai iya nunawa a kan abin da sai an zauna an kalli wasa bayan wasa.

Abin da ya sauya

Tun daga 1 ga Yulin 2021, hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta amince ɗalibai su riƙa samun kuɗi da sunansu da hotonsu, bayan shekaru da dama jami'o'i da gidajen talabijin na kwasar riba da guminsu. Yanzu ɗan wasan da ake hasashen zai faɗa zagaye na biyu yana iya zama a jami'a ya ƙara kaka ɗaya da kuɗi a hannu. Sai dai duk shekarar da ya ƙara, ma'aunin shekaru na ƙara rage masa daraja a idon ƙungiyoyin NBA.