Koyon Waƙa Da Baki Kawai

A majami'u da yawa na ƙauyukanmu, daga Danja zuwa Kafur da Malumfashi, idan janareta ya tsaya ana cikin sujada sai waƙa ta tsaya tare da shi. Matasa sun saba bin molo da piyano, har ba mai iya ɗaga waƙa shi kaɗai. Wannan abin damuwa ne, gama Bulus da Sila ba su da abin kiɗa a kurkukun Filibi sa'ad da suka raira yabo da tsakar dare. Domin wannan muke roƙon kowace ikkilisiya ta nemi malamin waƙa, ko da daga maƙwabta ne, ya riƙa koyar da jama'a da baki kawai.

Abu na fari da malami zai gyara shi ne numfashi. Yawancinmu da ƙirji muke jan iska, kafaɗu suna tashi, sai iska ta ƙare kafin a kai ƙarshen layi. Ku dubi jariri yana barci, cikinsa ne yake tashi yana sauka. Haka mai waƙa zai yi. A lokacin hunturu kuwa, da ƙura take busar da maƙogwaro, a sha ruwa mai ɗumi, a kuma fara a hankali.

Bayan haka sai ya raba muryoyi kashi huɗu: mata masu siririyar murya, mata masu kauri, maza masu tashi sama, da maza masu zurfi. Kowane kashi ya koyi nasa dabam har ya zauna masa, sa'an nan a haɗa biyu biyu. Nan ne wahalar take. Mai sabon koyo yakan bar layinsa ya bi na maƙwabcinsa, shi ya sa malami mai hikima yakan zaunar da gwani ɗaya a tsakiyar masu rauni. Kuma tun da babu piyano da zai riƙe su, ƙungiya takan yi ta gangarawa ƙasa kaɗan kaɗan idan an gaji, har baiti na huɗu ya gagari maza. Maganinsa a sassauta murya. Wanda ba ya jin na kusa da shi, ihu yake yi.

Do, re, mi ɗin da malaman kwaya suke rubutawa a allo, wani fasto ne a Ingila, John Curwen, ya yaɗa shi tun daga 1841, bisa aikin wata mace mai suna Sarah Glover, domin yaran makarantar Lahadi. Yana da amfani ƙwarai, amma kada a mai da shi shinge. Tsohuwar da ba ta yi boko ba ta riga ta san amshi tun daga waƙar niƙa da ta gayya, inda ɗaya yake bayarwa saura su amsa. Sau da dama 'yan Zumuntar Mata sun fi 'yan kwaya riƙe murya, ko da yake 'yan kwaya ba za su so jin haka ba.

Akwai kuma wani abu da ya shafi harshenmu. Hausa tana da hawa da sauka da kuma jan wasali: garin da muke zaune dabam, garin tuwo dabam. Waƙoƙi da yawa na Littafin Waƙoƙi an juyo su ne a kan karin Turawa, don haka wani lokaci karin yakan ja kalma inda ba ta zuwa. Kafin a raira sabon baiti, bari malami ya sa a karanta shi da ƙarfi kamar magana, sau biyu ko uku, domin mai sauraro a bencin baya ya ji abin da ake faɗi.

Game da lokaci, dattawa su duba aikin gona. Da damina, da kuma lokacin yankan rake da ɗiban tumatir, mutane sukan dawo a gajiye. Rabin awa bayan sujadar Lahadi ya fi awa biyu da dare wadda mutum biyar kaɗai za su zo.