Me Ya Sa Mota Ke Mutuwa Bayan An Cire Mata Batir?

Mutum ya sayi sabon batir, an ɗaura masa, ya murza makulli mota ta tashi garau. Yana isa danja ta farko ya taka birki, sai injin ya yi kakkarwa ya mutu. Ya sake tayarwa. Muddin ƙafarsa na kan totur lafiya lau, da ya ɗage sai ta sake mutuwa. Daga nan zargi ya fara: wannan ya ce batirin jabu ne, wancan ya ce famfon mai ne, wani kuma ya ce ƙwaƙwalwar motar ce ta ƙone. Sau da yawa kuwa babu abin da ya lalace, mantuwa kawai motar ta yi.

A zamanin Fijo 504 mai kafireta, bakanike ne ke saita silo (wato juyin injin idan ba a taka totur ba) da sukundireba, kuma ko wata guda batir ya yi a cire, saitin na nan daram. Motocin yanzu, irin su Corolla, Camry da Accord, kwamfuta ce ke auna iska da man da za su shiga injin. Wannan kwamfuta, wadda ake kira ƙwaƙwalwa, tana koyon halin motar yau da gobe. Akwai wani maƙogwaro da iska ke bi ta shiga injin, mai ɗan faifai a ciki da ke buɗewa idan an taka totur. A hankali baƙin hayaƙi da maiƙo da ƙura, musamman ta hunturu, suna taruwa a gefen faifan su rage hanyar iska. Kwamfutar kan lura, ta riƙa ƙara buɗe hanyar kaɗan kaɗan, don injin ya tsaya a juyi 600 zuwa 800 a minti idan ya yi zafi. Mai mota bai ma san ana yi ba.

To, a motoci da yawa wutar batir ce ke riƙe da wannan abin da aka koya. Da an cire kan batir sai ya goge, kwamfutar ta koma kan saitin kamfani, wato ta ɗauka maƙogwaron fes yake kamar ranar da aka ƙera shi. Iskar da za ta bari ta shiga ba za ta isa ba, sai injin ya shaƙe. Ka ga ashe dattin ya daɗe a wurin, cire batir tona masa asiri kawai ya yi.

Kafin a kwance komai, a fara da mai sauƙi. A girgiza kawunan batir da hannu. In suna motsi a ɗaure su tamau, in akwai farin gari ko kore a kansu a kankare. A auna wuta da mita: cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota na kashe, in kuma injin na aiki a ga 13.5 zuwa 14.5. Ƙasa da haka, a binciki altaneta. Sannan a duba ko garin ciro batir an ture wani soket, ko babban tiyon iska ya zame, ko fiyus ya ƙone.

In duk wannan lafiya ne, sai a bar motar ta sake koyo. A kashe esi, fitilu da rediyo. A murza makulli fitilun dashbod su kama, a dakata daƙiƙoƙi kaɗan, sannan a tayar. In tana neman mutuwa a tallafe ta da totur har ta yi zafi, daga nan a ɗage ƙafa a bar ta tana aiki ita kaɗai kamar minti goma. Sai a kunna esi na 'yan mintuna, a fita da ita a zagaya, ana tafiya ana tsayawa. Motoci da yawa a nan suke dawowa hayyacinsu.

Wadda ta ƙi, a wanke mata maƙogwaron da maganin fesawa da aka yi don haka, a goge da tsumma mai tsabta, a duba filtar iska, a maimaita koyon. Wasu motocin Nissan da Volkswagen suna da tasu ƙa'idar, har sai an jona musu na'urar bincike a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 tana da wannan soket. Idan kuma mota na tashi ta mutu cikin daƙiƙa biyu, fitila mai hoton makulli na ƙyaftawa, wannan matsalar tsaro ce, motar ba ta gane makullinta ba, aikin masani ne.

Akwai wata ɗabi'a a garejojinmu da ya kamata a bari: cire kan batir injin na aiki, wai don a gwada altaneta. A tsohuwar mota an sha yi an kwana lafiya, amma a ta zamani wutar na iya tsalle ta ƙone kwamfutar, garin neman gira a rasa ido. Haka kuma wajen cire batir, a kashe mota, a fara da kan baƙar waya mai alamar ragi, wajen mayarwa ita ce ta ƙarshe.

Saboda haka, mai mota, idan motarka ta fara mutuwa bayan an taɓa batir, kada ka yi saurin buɗe aljihu. Duk bakaniken da ya ce ka sayo sabuwar ƙwaƙwalwa tun bai ɗaure kan batir ba, bai wanke maƙogwaro ba, bai jona na'ura ba, ka ce masa ya fara da waɗannan tukuna.